Hanyar da Na'Allah Ya Ba Tamalla

A tashar Dakoro, kusa da masu sayar da isansi, wato fetur, a kwalabe, akwai wani dattijo gajere mai faɗin kafaɗa da ke kiran fasinjan Kornaka da Maraɗi. Sunansa Na'Allah. Samarin direbobi Baba Kamasho suke ce masa, kuma da yawansu ba su san cewa rabin rayuwarsa a bayan sitiyari ya yi ba, kafin ya koma cika motocin wasu.

An haife shi a wani ƙauye na ƙasar Ɗan Gulbi, a shekarun babban farin da ya kashe shanu. Uwarsa ta binne 'ya'ya kafin shi, don haka da ya zo ta ce wannan na Allah ne, ita ba ta sa rai ba. Sunan ya bi shi, shi kuma ya rayu. Noma bai karɓe shi ba. Yana fara tsiron gemu ya shigo Dakoro, ya zama karen mota a wata tsohuwar akori-kura mai kwasar awaki daga kasuwannin daji. A nan ya yi karatunsa duka, kuma karatun na yashi ne. Ya san yashin da zai ɗauki mota da wanda zai haɗiye ta tun daga launinsa. Ya san lokacin rage iskar taya da lokacin ba da wuta ba waiwaye. Da ya samu tasa motar, wata farar Hiyas da ta riga ta tsufa a hannun mutum biyu, sai ya zama wanda ake nema idan hanyar Sakabal ko ta Tagris ta ɓaci.

A tashar Dakoro ba a kiran mota da lambarta. Kowace tana da suna, kuma maganarta ake yi kamar ta mace mai rai. Za ka ji an ce Ta Annabi ta taso tun asuba, ko Mai Ƙaho ta kwana a hanya, ko Bar Ni da Mugu ta sake kashe jaki. Tasa Sannu ake ce mata, saboda abin da ya sa aka rubuta a goshinta, wai sannu ba ta hana zuwa.

Matarsa Rahamatu mutuniyar Rumbu ce. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, kuma a unguwarsu ba mai tashi kafin taɓaryarta. Mace ce mai baki, irin wadda za ta zage ka kana dariya. Sun aurar da ɗiyarsu Suwaiba a Maraɗi, ɗansu Huzaifa kuma ya tafi ci-rani Aljeriya, gida ya koma su biyu.

Ciwon Rahamatu daga gwiwa ya fara. Ta ce gajiya ce. Ya hau ƙugu, ta ce sanyi ne. Aka je gidan likita a Dakoro, aka je Maraɗi, aka sha ƙwayoyi da allurai, wanzami ya yi ƙaho, malamai suka yi rubutu. Ta koma dogara sanda, ta koma dafa bango, sannan wata rana da safe bangon ma bai isa ba. Daga ranar Na'Allah ne ƙafarta. Kafin ya fita tasha zai goya ta zuwa bayan ɗaki, ya jira a waje, ya goyo ta, ya kawo mata buta. In ya dawo da yamma ya sake.

Ya daɗe kafin ya lura cewa randar da yake cika mata da safe ba ta raguwa. Rahamatu ta daina shan ruwa da rana, don kada buƙata ta kama ta ba ya nan, ta kira maƙwabciya. A zafin bazarar Dakoro take yin haka, leɓɓanta duk sun tsage. Da ya yi mata faɗa, ba ta musa ba.

"Malam, ni ba Makka nike roƙo ba," in ji ta. "Daga ɗakinga zuwa bayan ɗaki, da ƙafata, ba mai jirana a ƙofa. Shi kaɗai."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Wani dillalin raƙuma ne da ya ɗauko daga Tagris ya ba shi labarin Tafadek, can cikin duwatsun Abzin, arewa da Agadas, inda ruwan zafi ke fitowa daga ƙasa ba wanda ya hura masa wuta. Ya ce da idonsa ya ga an kawo mutum ɗaure a kan raƙumi, ya koma gida yana jan raƙumin. Na'Allah ya san labarin fasinja, rabinsa na rage hanya ne. Duk da haka ya kai labarin gida, kuma ya ga yadda Rahamatu ta ɗago kai. Sai dai ba ta iya zaman kujera ko na tafiyar Kornaka, balle Agadas.

Da damina ta kama, manoma suka shige gonaki, fasinja ya yi ƙaranci, ya kai Sannu wurin Rabo mai walda. Aka kwance kujerun baya duka. Aka ƙera gadon ƙarfe aka ɗaure shi da ƙasan motar, aka ɗora katifarsu, aka rataya gidan sauro. Ya sa tsofaffin zannuwanta labule a tagogi. Ƙarƙashin gado ya jera bidon ruwa, buhun gero da aka surfa, tukunya, murhun gawayi da kayan shayi. Ya sa kafinta ya huda wata kujerar katako a tsakiya don biyan buƙatarta, ya ajiye ta can baya inda ido ba ya kaiwa. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallon ɗaki mai taya. A tasha kuwa ba'a ta tashi.

"Na'Allah zai kai amarya shan iska! Tsoho, ka bar mana adireshi."

"In kun ga dama ku biyo mu da gara," in ji shi.

Suka kama hanyar arewa. Ƙasa ta yi kore shar, abin da ba ta yi sai a wannan ɗan tsakanin. Garken shanu da raƙuma duk sun fuskanci arewa su ma, za su shan gishiri, mata a kan jakuna da ƙoren nono. Na'Allah ya ɗaure ƙofar gefe a buɗe don Rahamatu ta gani daga kwance. Rabonta da ganin abin da ya wuce katangar gidansu an yi damina biyu. Ta yi ta magana. Ta soki gonar wani da bai yi maimai ba, ta yi cinikin nono da wata Bafulatana har suka kusa faɗa, ta ce masa tuƙinsa ya tsufa. In rana ta yi tsaka sai ya nemi inuwar ƙaya ya tsaya, ya dama mata fura. Kuma ta koma shan ruwa, tunda yana kusa.

Suka wuce Tagris, suka faɗa hanyar Agadas a Adarbisanat. Wani jandarma a shinge ya leƙa ciki, ya ga gado da tukunya da mace a kwance tana taunar goro.

"Wannan mota ce ko gida?"

"In ta tsaya gida ce, ranka ya daɗe," in ji Rahamatu. Ya yi dariya ya ɗaga musu igiya.

A Agadas ba su daɗe ba. Ya sha mai, ya tambayi hanya, suka fita. Nan ne ƙasar da ya sani ta ƙare.

A Dakoro dutse baƙo ne. Dutsen niƙa ma daga nesa ake kawo shi, kuma uwa takan bar wa ɗiyarta shi gado. Nan kuwa ba abin da ido ke gani sai dutse, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, tun daga bakin taya har inda sama ta sauka. Wasu tsaunuka kamar an kife ƙwarya, wasu kamar murhun da aka gama girki aka watse. Wani wuri duwatsun zube suke mulmul kamar curin fura da ya ƙone, wani wuri a tsaye kamar haƙora.

"Dubi dutsen niƙa a banza," in ji Rahamatu. "Malam, in za mu koma ka cika mini mota, in raba wa unguwa."

Wani mai shayi a bakin hanya ya gaya musu wai tsaunukan nan wuta suka taɓa amayarwa tun duniya tana ɗanya, baƙin dutsen nan tokarta ce, ruwan Tafadek kuma ragowar zafin ne. Rahamatu ta ce ashe wutar ba ta mutu ba ke nan, kwanciya ta yi.

Shi Na'Allah ba ya cikin raha. Dutse ba ya gaya masa komai. Ba sawu, ba launi, ba taushi. Mota sai kakkarwa take kamar za ta watse, kuma kowane tsalle yana jin numfashin Rahamatu ya ɗauke a bayansa, ko da yake ba ta cewa komai. Wani dutse mai kaifi ya yanka masa tayar baya, ya sa ta ko-ta-kwana, ya zama ba shi da wata. Da rana zafi ke tasowa daga ƙasa kamar daga tanda, har yana tsoron tayoyin su fashe da kansu.

Saura tafiyar da ba ta kai yini ba, wajen azahar, hanya ta gangara ta shiga wani kwari mai faɗi. Ƙasansa yashi ne fari tas, mai laushi, ga goriba da ƙaya jere a gefe suna ba da inuwa. Sawun motoci ya bi tsakiyarsa ya miƙe, don a ƙasar nan ta cikin kwari hanya ke bi. Da taya ta taɓa yashin sai ƙarar ta ɗauke. Na'Allah ya ji kamar ya shiga zauren gidansu. Ya tsaya a inuwa, ya sauke Rahamatu ta yi abin da za ta yi, ya mayar da ita gado, ya yi salla, ya hura gawayi. Sama garau take, ba ko ƙyallen girgije. A Dakoro ruwa daga sama yake zuwa, kuma yakan yi sallama: gabas ta haɗe, iska ta juya, awaki su nufo gida.

Yana fifita wuta sai ga wani Ba'abzine a kan babur ya gangaro da gudu, rawani ya rufe masa fuska sai ido. Daga baya suka san sunansa Agali, mai lambun albasa a ƙasan kwarin. Bai kashe babur ba. Hausarsa gajera ce.

"Salamu alaikum. Ku tashi nan. Tamalla tana zuwa."

Na'Allah ya amsa sallama, ya dubi sawun tayoyi a yashi, ya dubi inda ya tsaya. Gaskiya ya ɗan tare hanya.

"Daga ina ta taso?"

"Daga bisa. Tun hantsi. An kira ni a salula."

"Babba ce?"

"Yau babba ce ƙwarai."

"Ta ɗauko kaya ke nan."

"Kaya?" Agali ya ɗaga hannu sama. "Itace, dutse, har akuya ta ɗauko."

"To in ta gan mu ai ta rage gudu."

"Tamalla ba ta tsaya wa kowa. Bara mutum biyu ta kashe."

"Subhanallahi. Kuma ba a kai ƙara wurin jandarma ba?"

Idanun Agali suka ƙanƙance, ya yi dariya a cikin rawani, ya ɗauka baƙon mai barkwanci ne. "Maza, tada motarka," in ji shi. Ya tsaya har ya ji injin ya kama, sannan ya ba babur wuta ya yi ƙasa, don ya gaya wa masu lambu su janye injinan ban-ruwa.

"Mi mutumen ya ce?" in ji Rahamatu daga ciki.

"Wata babbar mota ce ke tahe, direbanta mahaukaci. Kowace ƙasa da tata Bar Ni da Mugu."

"To mu hau bisa mana."

"Bisa dutsen? Da rana tsaka, ba tayar canji? Ke ma bayanki ya huta. Hanya take so, hanya zan ba ta."

Ya ja Sannu can gefe, inda kwarin ya yi lanƙwasa, ya manna ta da gindin wata gaɓa mai tsawo inda inuwa ta fi kauri. Ya sauko ya auna filin da ido. Ko mai taya goma ce za ta wuce ba ta shafe shi ba. Ya kwaso murhunsa ya dawo kusa, ya ɗora shayi.

An sha na fari, yana haɗa na biyu, sai ya ji ƙugi daga sama, can nesa, kamar babbar mota tana hawan tudu da kaya.

"Ga ta nan," in ji shi. Ya miƙe, ya gyara hula, ya fito fili don ya ga fuskar direban da ba ya tsaya wa kowa.

Abin da ya ɓullo daga lanƙwasar bai kai tsawon idon sawu ba. Wani harshe ne na kumfa, ja kamar kunun kanwa, yana tura karare da kaba da kashin raƙuma a gabansa, yana tafe kamar saurin mutum. Na'Allah ya tsaya yana kallo. Ya ɗaga kai ya dubi sama, rana tana nan fau. Ya sake duban ƙasa. Sai da ruwan ya taɓa masa ƙafa, da sanyi kamar na randa, sannan kansa ya yarda da abin da idonsa ya gani. Bayan harshen kuwa ƙugin ƙaruwa yake.

Ya faɗa mota ya murza makulli. Ta tashi. Ya sa giya, tayoyin baya suka juya a wuri ɗaya suka nutse. Yashin da ya sani duk rayuwarsa ya zama kunu a ƙarƙashinsa. Ya sa ta baya, ta ƙara zama. Ya diro da niyyar rage iskar taya, hannunsa na laluben bakin tayar a cikin ruwa, ruwan ya riga ya kai gwiwa. Murhu ya wuce ta gabansa yana hayaƙi.

"Malam."

"Bari, yanzu za ta hita."

"Malam, bar motar nan."

Ba ta ɗaga murya ba. Ya ɗago ya gan ta ta jawo jikinta da hannu har bakin ƙofa, ƙafafun suna biye da ita kamar ba nata ba, ruwa yana lasar ƙasan gadon. Ya juya mata baya ya durƙusa, kamar kowace safiya, ta saƙalo wuyansa.

Gaɓar da ya zaɓa don inuwa ta fi shi tsawo, kuma a tsaye take. Ya kama saiwar ƙaya, ta tsinke. Ya kama wata. Wani abu mai nauyi ya bugi cinyarsa a cikin ruwa ya wuce. Takalmansa suka tafi. Ya bi gindin gaɓar da ruwa a ƙugu, yana jin ƙafafun Rahamatu suna jan su gefe, har ya sami wata tsaga da awaki ke bi. Da gwiwa da farce ya hau. Ita kuwa salati take ta yi a kunnensa.

A sama baƙin dutse ne, da zafi kamar an sauke shi daga wuta. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa, ya zaunar da ita, ya tsaya a bayanta ta jingina da ƙafafunsa. Daga nan suka yi kallo. Kwarin ya cika baki da baki, ja wur, itatuwa suna juyi a ciki, duwatsu suna gurnani a ƙasa. Sannu ta yi ɗan tsayin daka. Ruwa ya shiga ta ƙofar da ya ɗaure a buɗe, katifa ta fito ta yi gaba, labulen zannuwa suna kaɗawa. Sai gindinta ya ɗaga, ta juya a hankali ta fuskanci kudu, ta kwanta a gefe, ta tafi. Hannun Na'Allah na dama yana ta motsi shi kaɗai, kamar mai neman giyar mota.

Ba abin yi. Ba wanda za a kira, salula tana cikin mota. Ba inuwa. Ya tsaya yadda inuwarsa za ta faɗa kanta, jini yana fita daga tafin ƙafarsa yana bushewa a kan dutse. Ga ruwa har ya yi yawa a gabansu, ba na sha ko kurɓi.

Wajen la'asar Agali ya dawo ta bakin gaɓa, yana tura babur a cikin duwatsu. Ya duba hanyar sama bai ga sawun mota ta fita ba, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya dube su, ya dubi ruwan.

"Ban ce maka Tamalla tana zuwa ba?"

"Ka ce."

"To?"

"Na ba ta hanya," in ji Na'Allah. "Na matsa gehe. Na zaci mota ce."

Agali ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe ido, ya juya yana kallon tsauni. Sai can ya ce a hankali, Tamalla sunan kwarin ne. In an yi ruwa a kan duwatsu, ko nan ba a ga ɗigo ba, sai ta taso. Yaro ma ya sani.

"Yaron nan ƙasar," in ji Rahamatu. "Baƙo ko da ido makaho ne, ɗan'uwa. Kana da ruwan sha?"

A bukkar lambun Agali suka sauka, matarsa ta ba su nonon akuya, ta ba Rahamatu zane. Washegari ruwa ya janye kamar ba a yi ba, yashi ya kwanta sumul. Suka sami Sannu can ƙasa, ta saƙale a gindin goriba, yashi ya cika ta har tagogi, gilashi babu, gaban ya lotse. Na'Allah ya yi ta tono da hannu har ya kai ga injin, ya ga laka a duk inda mai ya kamata ya kasance. Ya zauna a kan tayar da ke sama. Ba makaniken da zai zo nan, ba motar da za ta ja ta. Da ya koma bukka ya kasa duban matarsa.

"Ruwan da muka zo dominsa, shi ma Tamalla ta tahi da shi?" in ji ta.

Agali ya aro raƙumi. Aka naɗe ta da zannuwa aka ɗaure a sirdi, Na'Allah yana tafe a gefe cikin aron takalmi, yana riƙe da ƙafarta don kada ta yi lilo. Haka suka shiga Tafadek.

Wurin bai kai labarinsa girma ba. 'Yan ɗakuna ne a gindin dutse, da rumfunan masu jinya, da wani wari kamar na ashana. Maza da lokacinsu, mata da nasu. Da lokacin mata ya yi ya goyo ta har ƙofa, wasu Abzinawa mata biyu suka karɓe ta daga bayansa suka shige, aka saki labule. Ya tsaya da hannuwa a sake, bai san inda zai sa su ba. Ya zauna a kan dutse kusa da wani tsoho mai jan carbi.

Ya ji ƙarar ruwa. Ya ji ta ce wayyo zafi. Shiru ya biyo baya mai tsawo. Sai ya ji ta ƙwala ihu, ya zabura ya yi ƙofa, tsohon ya damƙe masa riga.

"Ba a shiga, bawan Allah."

"Matata ce."

"Na wasu ma suna ciki."

Sai kuma dariya ta tashi a ciki, har da guɗa.

Da aka fito da ita, a hannu aka fito da ita, fuskarta tana sheƙi, tururi yana tashi daga zanenta.

"Malam, na tsaya."

"Ina?"

"Cikin ruwan. Ya kawo mini nan," ta nuna ƙirjinta. "Suka sake ni, na tsaya da ƙafata. Har na taka na taɓa bango na dawo. Tambaye su."

Matan suka gyaɗa kai, ɗaya tana nuna tafiyar da yatsu biyu a tafin hannunta. Na'Allah ya ce to a gwada nan. Ya riƙe ta ta hammata, ya sauke ƙafafunta a ƙasa, ya jira ta ce ya saki. Ya sassauta hannu kaɗan. Gwiwoyin suka naɗe kamar tsumma, ya tare ta kafin ta kai ƙasa.

"Sai a hankali," in ji tsohon. "Wasu sai sun yi mako."

Suka yi makon, suka ɗora. Kullum tana tsayawa a cikin ruwa, kullum a hannu ake fito da ita. Shi bai taɓa gani ba, labari yake ji a bakin ƙofa: yau ta kai bango sau da yawa, yau ta tsaya da ƙafa ɗaya. Abincinsu na sadakar masu jinya ne, kuma masu jinyar suna ta sauyawa, waɗanda suka san labarinsu suna tafiya. Ran da ya ga Rahamatu ta ɓoye rabin tuwonta don ya samu na safe, ya je ya nemi wata babbar motar albasa mai zuwa kudu. Direban ya yi musu wuri a kan buhuna. Ya rungume ta har Agadas don kada ta zame, daga can kuma aka yi ta miƙa su daga mota zuwa mota har gida.

A tasha ba wanda ya yi masa ba'a. Da bakinsa ya ba da labarin, bai rage komai ba, kuma ko waɗanda dariya ta kama sai da suka bari ya tashi. Sarkin tasha ya ba shi kiran fasinja. Aikin ya yi masa daidai ta wata fuska, don yana iya komawa gida da azahar.

Bayan girbi ya samo wata babbar ganga ta ƙarfe, ya sa aka yanke bakinta aka dasashe kaifin. Ranar wata Juma'a ya sayi ruwa kura guda, ya haɗa murhu uku a tsakar gida, ya yi ta dafawa yana juyewa, yana gwadawa da gwiwar hannu. Ya kulle ƙofar gida. Ya hau kan turmi da ita a hannu, ya zura ta a hankali har ƙafafunta suka taɓa ƙasan gangar. Ruwan ya tsaya mata a ƙugu.

"In saki?"

"Saki mu gani."

Ya saki. Ta kama bakin gangar da hannu biyu, jijiyoyin wuyanta suka tashi, ta zame a hankali har gwiwoyinta suka tokare ƙarfe. Ya ɗago ta, ya ƙara ruwa har yana zuba, suka sake. Suka sake kuma. Kaji suka taru suna shan abin da ya malala.

"Na can ɗauka yake," in ji ta tana haki. "Kamar hannu gare shi. Wanga jiƙa ni kawai yake yi."

"Bari in ƙara wuta."

"Ba wuta ba ce, Malam."

Ya tsaya a kan turmin, hannuwansa a hammatarta, bayansa yana zogi. Daga masallaci aka fara kiran salla. Ta ɗan jima tana kallon ruwan.

"Ɗauke ni," in ji ta. "Ya huce."

Ya ɗauke ta.